Yadda Ake Koya Wa Yaro Mai Larurar CP Sarrafa Kwamfuta Da Idanunsa

Larurar shanyewar jiki da ke biyo bayan rauni a ƙwaƙwalwar jariri, wadda likitoci ke taƙaitawa da CP, tana samun kimanin yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 da aka haifa. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara ba ya iya magana da baki. A cikinsu akwai waɗanda hannu ma ba ya yi musu biyayya: yaro ya yi niyyar taɓa abu, hannun ya sandare ko ya fizge ya nufi wani wajen. Irin wannan yaro yana ji, yana fahimta, yana da abin da yake so da wanda ya ƙi, amma babu ƙofar da zai fitar da shi. A wajen da yawa daga cikinsu, ido shi ne gaɓar da ta fi jin magana, kuma a kan wannan aka gina na'urar bin ido.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan: idan aka zaunar da yaro gaban na'urar bai yi komai ba, galibi laifin na zama ne, ko na haske, ko na saiti, ko na gaggawar manya. Kada a yanke wa basirarsa hukunci da gwajin rana ɗaya.

Yadda na'urar ke gane inda ake kallo

Siririyar sanda ce da ake maƙalawa a ƙasan allon kwamfuta, ko kuma a ƙera ta a jikin allon. Tana fitar da hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani. Hasken yana barin ɗan ɗigo mai ƙyalli a gaban ido, kyamara kuma tana ɗaukar hoton wannan ɗigo tare da baƙin tsakiyar ido sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Idan ido ya juya, baƙin yana motsawa sosai, ɗigon kuwa kaɗan yake gusawa. Daga tazarar da ke tsakaninsu manhaja ke lissafa wurin da ake kallo a allo. Don haka duk abin da ya rufe baƙin ido ko ya rikita ɗigon, kamar fatar ido da ta sauko, ko ƙyallin tabarau, ko hasken rana mai ƙarfi, zai ɓata lissafin. Wanda ya fahimci wannan zai iya gano rabin matsalolin da kansa.

Mataki na 1: A tabbatar ido ne hanyar da ta fi dacewa

Ƙwararru suna auna ƙarfin motsin yaro da ma'aunin GMFCS mai matakai biyar, wanda aka fitar a Kanada a 1997, sannan amfani da hannu da ma'aunin MACS, shi ma mai matakai biyar. Yaran da suka fi buƙatar na'urar bin ido su ne na mataki na huɗu da na biyar a waɗannan ma'aunai, wato waɗanda larurar ta fi tsananta a jikinsu, musamman masu nau'in da jiki ke murɗewa ko motsi da kansa. Yaron da zai iya nuna abu da yatsa, ko ya danna babban maɓalli da kai ko da ƙafa ba tare da ya galabaita ba, wataƙila wannan hanyar ta fi masa sauƙi. Ba dole ba ne kuma a zaɓi ɗaya tak. Akwai yaran da ke amfani da ido da safe, idan gajiya ta zo da yamma su koma maɓalli.

A haɗa likitan fisiyo, da ƙwararren koyar da magana, da mai horar da ayyukan hannu, da malamin yaron, da iyaye. Iyaye su ne suka san yadda yaron ke cewa “e” da “a'a”, ko da ɗaga ido sama ne ko kau da kai. Babu wata jarrabawar basira da yaro zai ci kafin ya cancanci gwadawa, kuma ana farawa da yara tun suna ƙanana ƙwarai.

Mataki na 2: A duba gani kafin komai

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa. Yaran CP da yawa suna buƙatar tabarau ba a sani ba, domin ba su iya cewa ba sa gani sosai. Wasu suna da harara-garke, wasu idonsu na rawa, wasu fatar ido ɗaya ta sauko. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana amfani da na'urar kai tsaye. Mai harara-garke, alal misali, ana iya saita na'urar ta bi ido ɗaya kawai, wanda ya fi tsayawa.

Wanda ya fi ɓuya shi ne raunin gani na ƙwaƙwalwa, da ake kira CVI. Idon lafiyarsa ƙalau, likita ya duba ya ce babu komai, amma ƙwaƙwalwa tana wahala wajen fassara abin da ido ya kawo mata. Alamominsa sun haɗa da jinkiri kafin yaro ya kalli abin da aka nuna masa, son launi ɗaya mai ƙarfi kamar ja ko ruwan ɗorawa, ganin abu mai motsi fiye da na tsaye, rikicewa idan abubuwa sun yi yawa, da kallon abu a kau da kai kafin a miƙa hannu. Wasu ba sa ganin ɓangaren ƙasa sosai. Idan aka ba irin wannan yaro allo mai hotuna 20 a kan fari fat, zai kau da kai, manya kuma su ce ba ya sha'awa. A ba shi baƙin bango da hoto ɗaya ko biyu masu launi mai ƙarfi, a rage surutu a ɗakin, a jira shi. Sau da yawa sai a ga wani yaro daban.

Idan yaron yana da farfaɗiya, wadda ke tare da kusan ɗaya cikin huɗu na masu CP, a gaya wa likitansa kafin a fara, kuma a guji wasanni masu walƙiya. Kamfanonin da kansu suna sa wannan gargaɗi a littafin na'urar.

Mataki na 3: Zama, sannan allo

Ido yana cikin kai, kai yana kan wuya, wuya kuma yana dogara da ƙugu. Yaron da ke kokawar riƙe jikinsa kada ya zame ba shi da sauran ƙarfin da zai tsayar da ido. Don haka a fara daga ƙasa: ɗuwawu ya shige can cikin kujera, ƙugu ya daidaita, ƙafafu su taka wani abu, a tallafi gefen jiki idan yana karkacewa, kai ya sami matashi. Ba sai ya miƙe zam ba, abin da ake nema shi ne zaman da jikinsa ya saki a cikinsa. Wasu yara sun fi yin kyau a kujerar da aka ɗan kwantar baya, wasu a kwance ta gefe.

Sai bayan yaro ya zauna ake kawo allo, kuma allon ne ke bin yaro. Idan kansa ya saba karkata dama, a karkata allon haka nan, har fuskarsa da allon su fuskanci juna sosai. Tazarar da yawancin na'urori ke so kimanin santimita 60 ce. Tsayin allon ya kasance idon yaro na daidai da ɓangaren sama na allon. Wannan ya sa mariƙi mai lanƙwasuwa, na tebur ko na ƙasa ko wanda ake ɗaurawa a jikin keken yaro, yake da muhimmanci kamar na'urar kanta. A ganina wanda ya sayi na'ura bai tanadi mariƙi mai kyau ba, bai gama saye ba.

Kowace manhaja tana da ɗan akwati da ke nuna abin da kyamara ke gani. A na'urorin kamfanin Tobii, baƙin akwati ne mai fararen ɗigo biyu, su ne idanun yaron, a gefe kuma akwai ma'auni da ɗan kibiya da ke nuna nisa. Abin da ake so shi ne ɗigon biyu su zauna a tsakiyar akwatin, kibiyar ta tsaya a kan kore. Idan ɗigon sun yi ƙasa, a sauke allon. Idan ɗaya yana ɓacewa yana dawowa, a duba ko gashin ido ko firam ɗin tabarau ne ke tare shi, a ɗan sauke allon a ɗaga fuskar allon sama domin kyamara ta leƙa ta ƙarƙashin fatar ido. Idan duka biyun suna ƙyaftawa, a duba taga: kada rana ta bugi fuskar yaro ko ta bugi kyamarar. A goge tabarau. Da an sami saitin da ya yi, a ɗauki hotonsa da waya daga gefe da kuma daga baya, a sa alama da tef a jikin mariƙin, domin duk wanda zai haɗa gobe ya maimaita shi.

Wasu yara idan suka juya kai gefe, hannun wannan gefen yana miƙewa da kansa, ɗayan ya naɗe. Wasu idan murna ta kama su duk jiki ke banƙarewa baya, idanu su fita daga akwatin a daidai lokacin da suka fi son faɗin wani abu. Kada a danne kan yaro da hannu. A yi shiru, a bar jikin ya sauko, na'urar za ta sake kama idon da kanta.

Mataki na 4: A gwada kafin a mallaka

Na'urorin sun bambanta wajen haƙuri da motsin kai, da tabarau, da hasken waje, kuma wadda ta yi wa wani yaro ba lallai ta yi wa wani ba. Kamfanin Tobii na Suwidin, wanda aka kafa a 2001, ya haɗe da DynaVox na Amurka a 2014, daga nan aka sami Tobii Dynavox mai ƙera jerin I-Series, da PCEye da ake jona wa kwamfutar Windows, da TD Pilot mai aiki da iPad. Akwai Eyegaze Edge da EyeTech daga Amurka, da Irisbond daga Sifen. Smartbox na Birtaniya shi ke da manhajar magana ta Grid da wasannin koyo na Look to Learn.

Akwai kuma hanyoyi masu sauƙin samu. Windows 10 ta sami sashen sarrafawa da ido a 2017, amma sai an jona mata na'urar da ta dace. Apple ya sa bin ido a iOS 18, manhajar wayar iPhone, a 2024, yana amfani da kyamarar gaba. Google na da Look to Speak a Android tun 2020, inda ake zaɓar jimla da kallon hagu ko dama. Manhajar OptiKey kyauta ce, an fi yin ta don wanda ya iya rubutu. Waɗanda ke dogara da kyamarar waya kaɗai suna son kai ya tsaya cik, don haka idan ba su yi wa yaro mai yawan motsi aiki ba, wannan bai nuna ta infared ma ba za ta yi ba. Inda ake ba da aro, a karɓa na makonni, a gwada a gida da makaranta, ba a ɗakin asibiti kaɗai ba.

Mataki na 5: Daidaita na'urar da idon yaro

Idon kowa da siffarsa, shi ya sa manhaja ke nuna ɗigo yana yawo a wurare 5 ko 9 na allo, mutum yana bin sa da kallo. Babba zai gama cikin daƙiƙu kaɗan. Ƙaramin yaro kuwa bai ga dalilin kallon ɗigo ba. A canza ɗigon da hoton fuskar mahaifiyarsa ko ɗan bidiyon da yake so, a rage wuraren zuwa 2 ko ma 1, a rage gudu, ko a zaɓi saitin da babba ke danna maɓalli idan ya ga yaro ya kalla. Idan duk da haka ya ƙi, a bar shi. Wasannin farko ba sa buƙatar daidaito sosai, ana iya fara su da saitin da na'urar ta zo da shi, a dawo kan wannan bayan ya saba. Maimaita shi kullum kafin wasa yana sa yaro ya tsani allon tun ba a je ko'ina ba.

Mataki na 6: Daga wasa zuwa zaɓi

Ido an halicce shi don karɓar labari, yanzu kuma ana so ya ba da umarni, wannan kuwa sai an koya. A fara da wasan da duk inda ya kalla wani abu zai faru: launi ya fantsama, ƙararrawa ta kaɗa, kumfa ta fashe. Kada a ce masa komai sai “Kai ne ka yi wannan!” Ranar da ya kalli allo, ya juyo ya kalli babba yana murmushi, ya sake komawa allon, ya gane cewa shi ke yi. Daga nan sai wasannin da ke jan ido zuwa kusurwoyi huɗu, a lura da ɓangaren da ba ya kaiwa. Sannan kallon abu guda da gangan, sannan tsayar da ido a kansa har ya zaɓu.

Tsawon lokacin da ido zai tsaya kafin abu ya zaɓu shi ne saitin da ya fi buƙatar lura. Ana yawan farawa da kusan daƙiƙa ɗaya. Idan ya yi tsawo, yaron da kansa ke motsi ba zai iya riƙewa ba, sai ya ga yana kallo ba abin da ke faruwa. Idan ya yi gajere, duk abin da idonsa ya gifta sai ya dannu, abin da masana suka sa wa suna matsalar Midas, sarkin nan na tatsuniyar Girka da komai ya taɓa ke zama zinariya. A gyara kaɗan-kaɗan. A bar fili tsakanin maɓallai, a kuma tanadi wurin da ido zai huta ba tare da ya danna komai ba, ko maɓallin dakatarwa. Ƙyaftawa a matsayin dannawa ba ta cika yi wa ƙananan yara ba.

Zama gajere, na minti 5 zuwa 10, sau da yawa a rana, ya fi dogon zama ɗaya. Kuma a sa ran tafiyar za ta ɗauki lokaci. A wani bincike da Maria Borgestig da abokan aikinta suka gudanar a Suwidin, aka wallafa a 2016, sun bi yara 10 masu tsananin naƙasar jiki: saurinsu ya ƙaru bayan wata 5, amma daidaiton kallonsu sai bayan wata 15 zuwa 20 ya fito. Don haka kada a sare da wuri.

Mataki na 7: Magana

Kada a jira sai ya ƙware a wasa kafin a kawo kalmomi, a tafi da su tare. Kuma kada a cika allo da sunayen abubuwa kawai. Kalmomi irin su “ƙara”, “tsaya”, “ba na so”, “tafi”, “zo”, “duba”, “wani daban”, “ciwo” suna shiga kowane zance, su ne ke ba yaro iko a kan abin da ake yi da shi. Kowace kalma ta zauna a wuri ɗaya kullum, domin ido yana haddace hanya. Idan za a ƙara maɓallai, tsofaffin kada su tashi daga gurbinsu. Idan manhajar ba ta da murya a harshen da ake yi a gida, a naɗi muryar wani yaro sa'ansa a kan kowane maɓalli.

Jariri yana shafe kusan shekara yana jin magana kafin ya furta kalma ɗaya, kuma ba wanda ke cewa ya kasa. Haka yaron nan yake buƙatar ya ga ana magana da allonsa kafin a nemi ya yi. Ga yadda abin yake: uwa tana hura kumfar sabulu, ta tsaya, ta taɓa “ƙara” a allon da yatsa, na'urar ta faɗa, ita ma ta ce, “Ƙara? To, bari in ƙara maka.” Ta hura. Ta sake tsayawa, wannan karon ta yi shiru tana kallonsa, ta ƙirga goma a zuci. Idan idonsa ya faɗa kan “tsaya”, ko da bisa kuskure ne, sai ta ce, “Ka ce in tsaya, na tsaya,” ta rufe kwalbar. Idan ya ɓata rai, ta nuna masa “ƙara”. Ta haka yake gane cewa kowane maɓalli yana da sakamako, kuma ana ɗaukar maganarsa da gaske.

Abin da ke kashe sha'awa shi ne mayar da na'urar ɗakin jarrabawa: “Ina kare? Nuna min ja. Ina hancinka?” Yaro ya san mai tambayar ya san amsar. Wasu yara da gangan suke kallon kuskure ko su rufe ido, sai a rubuta cewa ba su gane ba. A tambaye shi abin da ba a san amsarsa ba: wa yake so ya zauna kusa da shi, wace riga, me ya ba shi haushi. Kuma idan ya ce “ba na so”, a girmama duk inda zai yiwu, ko da ba a ji daɗi ba.

Mataki na 8: Gajiya, da hanyar da ba ta buƙatar caji

Mai kallon allo yana rage ƙyaftawa, ido ya bushe. Jan ido, hawaye, hamma, ƙarin sandarewar jiki, ko kallo ya riƙa zamewa daga maɓalli, duk alamu ne na a huta. Wasu magungunan sassauta jiki da na farfaɗiya suna kawo barci, don haka a lura da lokacin da yaro ya fi wartsakewa.

Na'ura tana mutuwa, ba ta shiga wanka, ba ta son rana. Dole a sami madadin: allon roba mai gani-har-hanji da aka maƙala hotuna a kusurwoyinsa, babba ya riƙe tsakanin fuskarsa da ta yaro yana karanta inda ya kalla, ko littafin hotuna, irin tsarin PODD da Gayle Porter ta ƙirƙira a Ostareliya, inda babba ke nuna zaɓi ɗaya bayan ɗaya yaro yana ba da alamar “e”. Hotunan su zama iri ɗaya da na na'urar. Kada kuma a taɓa ƙwace na'urar a matsayin horo, ko a kashe ta don yaro ya cika surutu a aji. Bakinsa ce.

Mataki na 9: Makaranta, rubutu da bita

A sa allon haruffa tun da wuri, ko da bai iya karatu ba, ya riƙa wasa da su yadda sauran yara ke zane-zane da fensir. Hotuna suna ba shi kalmomin da wani ya zaɓa masa ne kawai, haruffa kuwa suna ba shi damar faɗin abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Daga nan ne ake wucewa zuwa juya shafin littafi, kunna bidiyo, aika saƙo, da sarrafa kwamfuta gaba ɗaya da manhajar da ke ƙara girman wuri kafin dannawa.

A aji, a ajiye allon yadda ba zai tare masa malami da abokai ba. Aƙalla mutum biyu a gida da biyu a makaranta su iya haɗawa, da caji, da ƙara kalma. A riƙa adana kwafin shafukan yaron a wani wuri, domin aikin watanni yana iya ɓacewa idan na'urar ta lalace. A rubuta buri ɗaya ko biyu ƙanana, misali ya riƙa cewa “tsaya” lokacin motsa jiki, a zauna duk bayan 'yan watanni a duba. Yaro yana girma, kujera tana canzawa, ana sabunta tabarau, ana yin tiyatar ƙugu ko ta baya, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana buƙatar a sake saitin mariƙi da daidaita ido. Idan yaron da ya saba yi ya daina kwatsam, a bi abubuwa bi da bi: akwatin idanu, haske, tabarau, zama, sannan lafiyarsa, musamman ciwo, maƙarƙashiya, rashin barci ko sabon magani, kafin a taɓa shafukansa.